GYARAN COKALIN FATSA DON KAMA GIWAN RUWA

 

Hatsi ya shiga rumbu, rani ya kama hanya. Samari da yawa sun fara ɗaure kaya za su cin rani. Amma wanda ke zaune kusa da ruwa yana da gona ta biyu a ƙofar gida. Ruwa gona ne, kifi ne amfaninsa. A wannan fitowa za mu yi magana bisa fatsa, da yadda za ka gyara kayanka har babban kifi ya ci, kuma in ya ci kada ya tsere.

Ni malamin gona ne. Aikina gero da dawa da gujiya. Amma lokacin da aka tura ni aiki wajen Gaya, bakin kogin Isa, na shiga hannun Sarkawa, na koyi abin da ba a koya mani a lakwal ba.

Wata rana na sayi koton ƙarfe a kanti, mai ƙyalli, sabo fil. Da la'asar muka shiga jirgi da wani tsohon masunci. Ba mu daɗe ba sai na ji an fizge zare kamar an ɗaura shi ga jaki. Giwan ruwa ya yi tsalle, muka gan shi sarai, tsawonsa ya kusa kai na yaro ɗan shekara bakwai. Ya girgiza kai sau biyu, sai zare ya saki. Na jawo. Cokali na nan, ƙugiya babu. Ɗan zoben da ke riƙe da ita ya buɗe.

Tsoho ya karɓi cokalin, ya jujjuya shi, ya ce: «Ɗana, kifi bai fi ka ƙarfi ba. Zobe ne ya kashe ka. Wanda ya ƙera wannan bai taɓa ganin giwan ruwa ba.»

Na ce: «Baba, ai sabo ne.»

Ya ce: «Sabo ne, amma na ƙaramin kifi ne.»

A ranar nan kuɗin tiya da yawa na gero suka koma ruwa saboda zoben da bai kai ƙwayar wake ba. Kada haka ta same ka.

MINE NE KOTON ƘARYA?

Kowa ya san koton gaskiya: tana, kwaɗo, hanjin kaza, ɗan kifi. Koton ƙarya kuwa abu ne na ƙarfe ko na ice wanda ake ja cikin ruwa. Yana ƙyalli, yana tangaɗi kamar ɗan kifin da ya ji ciwo. Babban kifi ba ya son wahala. In ya ga mai rauni, shi yake fara kai wa hari.

Iri biyu za mu duba: cokali da kifin ice.

Ba masu ilimin boko suka ƙago su ba. A ƙasar Amurka ana ba da labarin wani mutum, Julio Buel, wanda cokalinsa na cin abinci ya faɗa tabki. Yana kallo cokali na nutsewa yana juyi, sai babban kifi ya kai masa cafka. Ya koma gida ya yanke cokali ya sa masa ƙugiya. A 1852 hukumar ƙasarsu ta ba shi takardar shaidar wannan dabara. A ƙasar Finlan kuma, a 1936, wani talakan masunci mai suna Lauri Rapala ya sassaƙa ɗan kifi da wuƙa, ya lulluɓe shi da takarda mai ƙyalli ta alewa. Har yau ana sayar da koto mai sunansa a ƙasashen duniya. Abin da suka yi da wuƙa da zarto, kai ma kana iya yin sa.

Amfanin koton ƙarya uku ne. Ba ya ruɓa. Ba ka ɓata safiya wajen tonon tana. Kuma ƙananan kifi ba su iya haɗiye shi, sai manya.

WANE KIFI KE CIN SA?

Sai kifin da ke farautar ɗan'uwansa. Ƙarfasa da bargi ba ruwansu da cokali. Tarwaɗa da ƙanshi take neman abinci, da gashin bakinta, ita sai koton gaskiya. Waɗanda muke nema su ne giwan ruwa da tsage, wani lokaci har da ragon ruwa.

Giwan ruwa shi ne wanda ƴan birni ke ce wa kafiten. Akwai shi a kogin Isa, wanda ya ratsa ƙasarmu kilometir 550, da yankin tabkin Cadi. An kuma zuba shi a waɗansu manyan tabkuna, kamar Ɗan Dutsi da Tabalak a jihar Tawa. Yana iya kusan metir 2 a tsawo. A shekarar 2000, a tabkin Nasar na ƙasar Masar, an kama wani da fatsa mai nauyin kilo 104. A bikin su na Argungu, nan maƙwabtanmu, wanda ya ci gasar 2005 ya fito da kifi mai kilo 75.

Ka riƙe abu huɗu game da shi, don su ne tushen duk gyaran da za mu yi:

1. Bakinsa babba ne, zuƙe abinci yake yi gaba ɗaya. Don haka ba ya tsoron babban koto.
2. Haƙoransa ƙanana ne kamar magagari. Ba su yanke zare nan take, amma suna cin sa sannu sannu.
3. Marfin kunnensa yana da kaifi da ƙaya. In zare ya bi ta nan, ya tsinke.
4. In ya ji ƙugiya, tsalle yake yi ya girgiza kai. A nan ne ƙugiya mai laushi ke miƙewa, zobe mai rauni ya buɗe.

Tsage kuwa haƙoransa kamar na zarto suke, bakinsa kuma ƙashi ne. Yana yanke zaren nailan da cizo ɗaya.

YADDA AKE YIN COKALI

Nemi cokalin cin abinci mai kauri, irin wanda ba ya tsatsa. Kada ka ɗauki na gorar ruwa mai laushi wanda ke lanƙwashewa a hannu. Kuma ka tambayi uwargida kafin ka ɗauka, kada kamun kifi ya jawo shari'a a gida.

1. Yanke mariƙin da zarto, daidai wuya.
2. Goge wurin yankan da magagari har ya yi sumul.
3. Kai wa maƙeri ko mai gyaran keke ya huda maka rami biyu: ɗaya a gefen tsini, ɗaya a gefen faɗi. Kowane rami ya kasance kusa da baki, kamar faɗin ƙwayar dawa.
4. Goge bakin ramukan. In ka bar kaifi, zai ci zobe.
5. Zare yana shiga ta gefen tsini. Ƙugiya tana gefen faɗi.

Kada ka yar da mariƙin. Huda shi kai da gindi, ka ɗan lanƙwasa shi kamar maciji. Koto ne mai kyau na tsage, don ya yi kama da kawara.

Ko kai ka yi cokalinka, ko saye ka yi a kanti, gyare-gyaren nan shida sun wajaba.

GYARA NA FARKO: ƘUGIYA

Yawancin koton kanti da ƙugiya siririya yake zuwa. Cire ta. Sa mai kauri, wadda ba ka iya buɗewa da yatsa. Faɗinta ya yi daidai da faɗin cokalin. In ta yi ƙanƙanta, cokali zai tare ta, ba za ta kama ba. In ta yi girma ƙwarai, za ta hana cokali tangaɗi.

Akwai mai baki uku, akwai mai baki ɗaya. Mai baki uku tana kamawa da sauri a sararin ruwa. Amma inda akwai ciyawa da kututture, ita ce ta farko wajen maƙalewa. A irin wurin nan sa babba guda mai baki ɗaya. Ga tsage ma mai baki ɗaya ta fi, don ƙarfin fizga duka yana taruwa a tsini ɗaya, ya huda ƙashi.

Sabuwar ƙugiya ba lalle ba ne tana da kaifi. Ga gwaji: ɗora tsininta bisa farcen babban yatsa, ka ja a hankali. In ta kafe, ta yi. In ta zame, wasa ta da dutsen wasa wuƙa. Shafa uku ta dama, uku ta hagu, kullum wajen tsini. Duk lokacin da ta bugi dutse a ruwa, sake gwadawa.

GYARA NA BIYU: ZOBE

Wannan shi ne ya kashe ni a Gaya. Zobe shi ke haɗa ƙugiya da cokali. Kamar zoben makulli yake, amma ƙarami. Ka sa mai kauri wanda ya naɗe sau biyu cif. In ba ka samu ba, sa biyu tare a rami ɗaya. Wanda ya taɓa buɗewa kada ka matse shi ka mayar. Ƙarfen da ya taɓa miƙewa ya riga ya mutu.

Kada ka ɗaure ƙugiya ga cokali kai tsaye ta yi tsaye ƙyam. Sai tana lilo. In ba ta lilo, kifi zai sami abin dogarawa ya ɓanɓare ta daga bakinsa.

GYARA NA UKU: MAJUYI DA WAYA

Cokali yana murɗa zare. In ka yi jifa ashirin, zare zai dunƙule kamar gashin da ba a tsefe ba, kuma zaren da ya murɗe ba ya da ƙarfi. Maganinsa ɗan ƙarfe ne mai ido biyu wanda ke juyawa a tsakiya. Mu ce masa majuyi. Masu sayar da kayan su a birni suna ce masa emeriyon. Ɗaura shi tsakanin zarenka da abin da ke bin cokali.

Tsakanin majuyi da cokali kuma sai a sa abin da ba ya yankuwa. In tsage kake nema, sa waya taki ɗaya zuwa biyu. Tsohuwar wayar birkin keke ko ta babur tana yi. Warware ta, ka ɗauki sili uku ko huɗu marasa tsatsa, ka murɗa su tare. In giwan ruwa kake nema, sa zaren nailan mai kauri ƙwarai, kamar milimetir 1, tsawon gaba ɗaya. Shi ba ya ƙyalli a ruwa, kuma yana jure marfin kunne. Bayan kowane kifi ka shafa shi da yatsa. In ka ji kaushi, canja shi.

GYARA NA HUƊU: LANƘWASA

A nan gwaninta take. Je bakin ruwa inda kake ganin ƙasa. Jefa cokali kusa, ka jawo shi kana kallo.

Abin da ake so shi ne ya riƙa kwantawa dama, ya kwanta hagu, kamar kifin da ke shirin mutuwa. In yana juyawa gaba ɗaya kamar mazari, bai yi ba. Ko dai kana ja da sauri, ko zurfin cikinsa ya yi yawa. Fara rage sauri. In bai daina ba, ɗora shi bisa kututture, ka ɗan buga cikinsa da guduma ya baje kaɗan. In kuwa yana tafiya miƙe kamar sanda, ba ya motsi, ƙara masa zurfi, ko ka ɗan ɗaga gefen ƙugiya sama.

Bugu ɗaya, gwaji ɗaya. Kada ka yi bugu biyar a jere. Cokali mai zurfin ciki yana tangaɗi mai faɗi, ya dace da ruwa kwance da ja a hankali. Mai bajajjen ciki ya dace da ruwa mai gudu.

Mi ya sa motsi ya fi kome? Dubi gefen kowane kifi, za ka ga wani layi daga kunne har wutsiya. Da layin nan yake jin motsin ruwa, ko cikin duhu, ko cikin ruwan laka. Sau da yawa kifi ya ji cokalinka tun bai gan shi ba.

GYARA NA BIYAR: NAUYI

Babban giwan ruwa a ƙasa yake kwanciya. In cokalinka na yawo a sama, shi yana ƙasa, ba za ku gamu ba. Ƙara nauyi, amma kada ka liƙa shi jikin cokali, zai kashe masa motsi. Zura tsohon noti na mota ko na injin ban ruwa a zare, sama da majuyi. Haka nauyi zai ja ƙasa, cokali na biye yana rawarsa.

Waɗansu suna fasa tsohon batir su narka dalma a murhun gida. Ku daina. Dalma guba ce, hayaƙinta da ƙurarta sun fi cutar da yara ƙanana. A 2010, a Zamfara, ƙurar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara sama da 400. Kada kuma ka matse dalma da haƙori. Noti ya isa.

GYARA NA SHIDA: LAUNI DA WUTSIYA

In ruwa ya yi garau, fari mai ƙyalli ya fi. Goge cokali da toka da tsumma kafin ka fita. In ruwa ya yi duhu-duhu, mai launin tagulla ko rawaya ya fi fitowa. Dabara mai sauƙi: bar bayan cokali fari, ka shafa wa cikinsa fenti rawaya. Yana tangaɗi, yana nuna launi biyu.

Ɗaura ɗan jan zare ko farin gashin kaza a wuyan ƙugiya. Tsawonsa kada ya wuce gaɓar yatsa biyu. Amfaninsa shi ne kifi ya kai cizo daidai inda ƙugiya take. In ka sa doguwar wutsiya, sai ya riƙa cizon wutsiya yana barin ƙugiya. Ka sani kuma, ja shi ne launin da ke fara ɓacewa in an nutsa. A zurfi, motsi da ƙyalli su ke aiki.

Inda akwai ragon ruwa, maƙala siririn yanki na fatar kifi a ƙugiya. Ga ƙyalli, ga ƙanshi.

KIFIN ICE

Wanda ya iya sassaƙa kota ya iya wannan. Nemi busasshen ice marar nauyi, kamar rimi. Sassaƙa shi siffar kawara, tsawon santimetir 12 zuwa 18.

Abu mafi girma shi ne waya. Tsaga cikin icen daga hanci zuwa wutsiya, ka kwantar da waya guda mai ƙarfi, irin silin ƙafar keke. Lanƙwasa ta ta yi ido uku: ɗaya a hanci na zare, ɗaya a ciki, ɗaya a wutsiya na ƙugiyoyi. Sa ɗan ƙarfe a cikin tsagar, wajen ciki, don kada ya kife. Sannan ka toshe da gam mai ƙarfi. Ko kifi ya farfasa icen, yana nan rataye ga waya. Masu murɗa ƙusa cikin ice su rataya ƙugiya, ranar babban kifi za su yi kuka.

A ƙarƙashin hanci yi ƴar tsaga, ka soka masa leɓe na gorar ruwa ko na robar tsohon bido. Leɓe shi ke sa shi nutsewa da rawa. Dogon leɓe mai kallon gaba yana kai shi zurfi. Gajere mai kallon ƙasa yana barin sa kusa da sama. Lulluɓe jikin da takarda mai ƙyalli ta kwalin shayi, ka zana ido babba, ka shafa banis sau biyu ko uku don kada ice ya sha ruwa. Don ruwan laka, huda ɗan rami a jikinsa, ka zuba ƴaƴan boris na keke biyu ko uku, ka toshe. Za su riƙa ƙara kamar caki.

In ka ja shi ka ga yana karkata gefe ɗaya, kama idon hanci da filaya, ka ɗan lanƙwasa shi wajen ɗaya gefen. Kaɗan ƙwarai, kamar kaurin farce. Sake gwadawa har ya miƙe.

GWAJI DA BIDO

Ba a fafe gora ranar tafiya. Gwada kayanka a gida.

Don manyan kifi, nemi zaren nailan lamba 60 zuwa 80. Lamba 60 yana ɗaukar wajen kilo 20, lamba 80 wajen kilo 30, in sabo ne. Rana tana cin nailan, don haka kada ka bar shi bisa danni ko rufin ɗaki. Kuma ɗauri shi ne wurin da zare ya fi rauni. Kafin ka ja ɗauri ya matse, jiƙa shi da yawu. In ka ja shi a bushe, zafi zai ƙona zaren.

Litir ɗaya na ruwa kilo ɗaya ne. Zuba litir 10 a bido. Haɗa kayanka duka: zare, majuyi, waya, cokali, zobe, ƙugiya. Rataya bidon ga ƙugiya da ƴar igiya, ka naɗe zare ga sanda, ka ɗaga a hankali. Kau da fuskarka, kuma yara su ja baya. In kome ya riƙe, ƙara ruwa zuwa litir 15. Abin da zai buɗe, gara ya buɗe a tsakar gida.

INA, KUMA YAUSHE?

Koton ƙarya yana son ruwan da ya kwanta. A kogin Isa, cikin Agusta da Satumba, jan ruwa ne ke zuwa daga ƙoramu, cike da laka. Lokacin nan ba nasa ba ne, mu ma muna gona. Daga Disamba baƙin ruwa ke isowa, wanda ya taso tun daga Gine. Daga nan har ruwa ya ja baya cikin bazara, shi ne lokacin cokali. A tabkuna ma sai laka ta kwanta bayan damana.

Giwan ruwa maharbi ne mai kwanto. Neme shi gindin duwatsu, wajen icen da ya faɗa ruwa, bakin gurbi mai zurfi, da inda ruwa mai gudu ya haɗu da kwantacce. Idonsa yana gani cikin duhu-duhu. Don haka daga asuba zuwa hantsi, da daga la'asar sakaliya zuwa magariba, su ne lokutan cinsa.

In daga gaɓa kake, jefa, ka bar cokali ya nutse kana ƙirga: ɗaya, biyu, uku. In ya taɓa ƙasa a 10, jifa na gaba fara ja a 8. Ja a hankali, ka ɗan tsaya, ka ci gaba. Sau da yawa a wurin tsayawar nan yake kai hari.

In cikin jirgi kuke, mutum biyu: ɗaya na tuƙi, ɗaya na riƙe da zare. Saki zare gaba 15 ko 20 a baya. A yi tuƙi kamar tafiyar tsoho, ba buga filafili a jikin jirgi. Kifi na ganinka, mai jar koma. Inda kuka san akwai dorina, ku ba ta wuri.

IN YA CI

Kada ka taɓa naɗe zare a yatsa ko a hannu. Babban kifi yana iya yanka ka har ƙashi, ko ya jawo ka ruwa. Naɗe zare ga guntun ice, ka sa tsumma ko guntun robar taya a hannu. Ƙarshen zaren kuma ɗaure shi ga gora ko bido rufaffe. In kifi ya fi ƙarfinka, jefa masa goran. Zai ja shi har ya gaji, ku kuna biye.

In ya gudu, ba shi zare. In ya tsaya, jawo. Amma kada zare ya yi sako-sako ko sau ɗaya, musamman lokacin tsalle. Sai ya kwanta bisa gefe, sannan ya gaji da gaske. Kada ka sa hannu a kunnensa. Yi amfani da zago ko babbar ƙugiya mai kota.

Da ka fito da shi, yanka shi jini ya fita, ka cire kayan ciki, ka rufe shi da jiƙaƙƙen buhu a inuwa. Kifin da ya sha rana rabin kuɗinsa ya tafi. In kasuwa na nesa, yanyanka shi ka yi banda.

A BAR NA GOBE

Yanzu ga magana mai nauyi. Manomin kirki ba ya cinye iri. Giwan ruwan da bai kai kamu ɗaya ba, wato rabin metir, bai taɓa haihuwa ba. In ya ci cokalinka, jiƙa hannu, ka cire ƙugiya, ka mayar da shi. Baɗi zai ninka nauyinsa.

Manya ƙwarai kuma yawancinsu mata ne, kuma babbar uwa guda tana zuba ƙwai miliyoyi. A farkon shekarun 2000, ƙasashen da ke kewaye da tabkin Biktoriya, wato Yuganda da Kenya da Tanzaniya, sun kafa doka kada a kama giwan ruwa sai mai tsawon santimetir 50 zuwa 85, don a tsare ƴaƴa da uwaye. Na san mayar da kifi mai kilo 30 ruwa abu ne mai wuya ga mai iyali. Amma a ƙaramin tabki, uwaye ƙalilan ne ke riƙe da ruwan duka. Ku zauna da sarkin ruwa da ƙungiyarku ta masunta, ku yanke shawara tare. In mutum ɗaya ya saki, goma suka kama, ba a yi kome ba.

Kada kuma wani ya ɗauki ɗiyan giwan ruwa ya zuba a tabkin garinsu da kansa. An zuba shi a tabkin Biktoriya cikin shekarun 1950, ya cinye ire-iren ƙananan kifi masu yawa har suka ɓace. A ƙaramin tabki zai iya ƙarar da ƙarfasarku. Zuba kifi aikin ma'aikatan gandun daji da ruwaye ne.

Wajensu ne kuma ake yankar takardar izinin su. Dokar su ta 1998 ta hana kashe kifi da guba, ko nakiya, ko lantarki. Gidan sauron da likita ya ba ku na kwana ne. Wanda ya ja shi a ruwa ya kwashe ɗiyan kifi, ya kuma bar ɗiyansa ga sauro.

KU DA KUKA YI YAƘI DA JAHILCI

Kuna da makamin da kakanninmu ba su da shi: alƙalami. Sayi kaye guda na kamun kifi kaɗai. Ja layi shida: rana, wuri, lokaci, irin koto, launin ruwa, nauyin kifi. Rubuta har ranar da ba ka sami kome ba. Kuma kada ka canja abu biyu a rana ɗaya. In ka canja launi yau, bar ƙugiya yadda take, don ka san wanne ya yi aiki. Bayan wata biyu, kayenka zai faɗa maka abin da ruwan garinku ke so, don na Gaya daban, na Tabalak daban.

Wajen sayarwa ma kayen nan zai tsare ka. A ɗora kifi bisa sikeli, ka karanta kilo da idonka, ka yi lissafi da hannunka kafin dillali ya buɗe baki.

A taronku na sauraron rediyo na wannan mako, a karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba. Kowa ya zo da cokalinsa, a gwada da bido a gaban jama'a. Wanda ya gwada ya ga amfani, ko ya gamu da matsala, ya rubuto mana da hannunsa, ya faɗi sunan ruwan da irin kifin. Za mu karanta a shirin manoma.

Ni dai na koma wurin tsohon nan bayan mako biyu, da zobe biyu a rami ɗaya. Kifin da ya tsere ban sake ganin sa ba. Amma na fito da wani mai kilo 11, muka raba, ya ɗauki kai da rabi. Ya ce kai na malami ne.

Allah ya ba da sa'a, ya tsare mu daga sharrin ruwa, ya kai mu damana lafiya. Amin.